Dokokin da suka riƙe gasar Firimiya ta Ingila a lokacin korona

A ranar 13 ga Maris, 2020, aka dakatar da gasar Firimiya ta Ingila, kwana guda bayan gwaji ya tabbatar da cewa kocin Arsenal, Mikel Arteta, ya kamu da cutar korona. Ba gwamnati ce ta ba da wannan umarni ba, hukumomin ƙwallon ne suka yanke shawarar da kansu. Dokar gwamnati daga baya ta zo, lokacin da Firaminista Boris Johnson ya sanar da kulle a ranar 23 ga Maris, sannan ƙa'idojin da suka hana taruwar jama'a suka fara aiki a ranar 26 ga watan, ƙarƙashin wata dokar kiwon lafiyar al'umma ta 1984 wadda ta bai wa minista ikon kafa irin waɗannan ƙa'idoji idan annoba ta ɓarke. Mai son fahimtar abin da ya biyo baya sai ya rarrabe abubuwa uku da ake yawan cakuɗa su: dokar ƙasa, kundin dokokin gasar da ƙungiyoyi 20 suka amince da shi, da kuma kwantiragin da gasar ta ƙulla da kamfanonin talabijin. Dokar ƙasa ce ta rufe ƙofofin filayen wasa, amma kwantiragin talabijin ne ya tilasta a koma fili ko da babu ɗan kallo ko ɗaya.

Kuɗin ƙungiyar ƙwallo ta ƙofa uku yake shigowa, wato tikitin 'yan kallo, tallace-tallace da masu ɗaukar nauyi, da kuɗin haska wasanni. A Firimiya ƙofa ta uku ce mafi faɗi, har ƙaramar ƙungiya irin Bournemouth takan samu fiye da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin shigarta daga nan. Lokacin da aka tsayar da gasar saura wasanni 92, kuma an shaida wa ƙungiyoyin cewa idan ba a buga su ba, kuɗin da za a mayar wa kamfanonin talabijin zai iya kaiwa fam miliyan 762. Ko da aka buga su ɗin ma ba a tsira gaba ɗaya ba, domin kamfanonin sun kafa hujja da cewa abin da suka saya shi ne wasa a kan lokacinsa kuma a cikin fili mai cike da jama'a, saboda haka aka daidaita a kan mayar musu da kusan fam miliyan 330. Faransa ta nuna abin da ake gudu: can gwamnati ta sanar a ƙarshen Afrilu cewa kakar ba za ta ci gaba ba, aka bai wa Paris Saint-Germain kofi ta hanyar lissafin matsakaicin makin kowane wasa, kamfanonin Canal+ da beIN Sports suka riƙe wani ɓangare na kuɗinsu, hukumar gasar ta ci bashin da gwamnati ta tsaya mata, ƙungiyoyi irin Lyon da Amiens kuma suka garzaya kotu.

Daga ranar 1 ga Yuni, 2020, gwamnati ta halatta wasannin ƙwararru a Ingila bisa sharaɗin babu 'yan kallo, tana mai ɗaukar filin wasa a matsayin wurin aiki wanda ma'aikata kaɗai ke shiga. An kayyade masu shiga fili a ranar wasa zuwa kimanin mutum 300, aka raba filin shiyya uku, ja da ruwan ɗorawa da kore, inda jar shiyya ta kasance ta 'yan wasa da masu horarwa da alƙalan wasa da likitoci, kuma ana yi wa 'yan wasa gwaji sau biyu a mako. An so a buga wasannin a filayen da ba na kowa ba, amma kundin gasar yana buƙatar amincewar ƙungiyoyi 14 daga cikin 20 kafin a yi babban sauyi, kuma waɗanda ke tsoron faɗuwa daga gasar, irin Brighton da Aston Villa da Watford, suka ƙi, sai aka bar kowa ya karɓi baƙinsa a gida. An koma wasa a ranar 17 ga Yuni, Liverpool ta lashe kofin da ta yi shekara 30 tana nema a ranar 25 ga watan, aka rufe kakar a ranar 26 ga Yuli.

Jinkirin ya haifar da wata matsala ta shari'a, domin kwantiragin 'yan wasa a Ingila bisa al'ada ranar 30 ga Yuni yake ƙarewa. FIFA ta ba da shawarar a tsawaita su zuwa ƙarshen kaka, amma shawara ce kawai, ba ta fi ƙarfin dokar ƙwadago ta ƙasa ba, don haka ba a iya tilasta wa kowa ba. Ryan Fraser ya ƙi tsawaita zamansa a Bournemouth, ƙungiyar kuma ta faɗi daga gasar, yayin da Manchester United ta daidaita da ƙungiyar Shanghai Shenhua ta China aka ƙara wa aron Odion Ighalo wa'adi zuwa Janairun 2021.

Dokar da ta fi bai wa mai kallo daga Kano ko Zinder mamaki ita ce ta hana haska wasannin ƙarfe uku na ranar Asabar. A Birtaniya ba a yarda a nuna ƙwallo kai tsaye a talabijin tsakanin ƙarfe 2:45 da 5:15 na yammacin Asabar ba, al'adar da ta faro tun shekarun 1960 kuma ake danganta ta da shugaban Burnley na lokacin, Bob Lord, wanda ya yi imani cewa idan mutane suka samu manyan wasanni a ɗakinsu za su daina zuwa kallon ƙananan ƙungiyoyin garinsu. Sashe na 48 na kundin UEFA, hukumar ƙwallon Turai, ne ke bai wa hukumar ƙwallon ƙasa damar keɓe irin waɗannan sa'o'i. Haramcin bai taɓa shafar ƙasashen waje ba, shi ya sa matashin da ya biya kuɗin shiga gidan kallo a Kano yake ganin wasan Asabar da mazaunin Landan ba zai gani a talabijin ɗinsa ba. Da aka rufe filaye, hujjar haramcin ta faɗi, tunda babu 'yan kallon da ake karewa, sai UEFA ta ɗage shi. Aka haska dukkan wasanni 92 a cikin gida: Sky Sports ta ɗauki 64, ta saki 25 daga ciki kyauta, BT Sport ta ɗauki 20, Amazon da BBC kowacce ta samu 4. Wasan Bournemouth da Crystal Palace na ranar 20 ga Yuni shi ne wasan Firimiya na farko da BBC ta nuna kai tsaye tun kafa gasar a 1992.

Karamcin bai daɗe ba. A watan Oktoban 2020 gasar ta fara sayar da wasannin da ba a zaɓa don haskawa ba a kan fam 14.95 kowane ɗaya, ƙari a kan kuɗin wata da magoya baya suke biyan kamfanonin talabijin. Magoya bayan ƙungiyoyi da dama suka ƙaurace, suka riƙa ba da kuɗin ga cibiyoyin raba abinci ga mabuƙata, kuma cikin Nuwamba aka soke tsarin.

Wani mataki da ba a cika magana a kansa ba, alhali ya fi waɗannan nauyi, shi ne na watan Mayun 2021. Bisa ƙa'idar hana babakere a kasuwanci, gwanjo ake yi a sayar da haƙƙin haska wasanni, kowane kamfani ya taya. Ganin kasuwa ta yi sanyi, bayan an soke kwantiragin kamfanin PPTV na China a Satumban 2020 saboda rashin biya, kuma yarjejeniyar haska wasanni ta kamfanin Mediapro ta ruguje a Faransa, sai gasar ta roƙi gwamnati ta yafe mata gwanjon, a sabunta yarjejeniyar da ke akwai ta kusan fam biliyan 5 har zuwa 2025. Gwamnati ta yarda ta hanyar wani umarni na musamman ƙarƙashin dokar gasar kasuwanci ta 1998, bisa sharaɗin Firimiya ta ƙara fam miliyan 100 ga ƙananan ƙungiyoyi da ƙwallon mata da na matasa. A ganina nan ne gwamnati ta yi wa manyan ƙungiyoyi babban alheri, kuma ba ta fitar da ko kwabo daga baitulmali ba.

Dawowar 'yan kallo kuwa tafiyar hawainiya aka yi. Daga 2 ga Disamba, 2020, aka raba Ingila mataki-mataki bisa yaɗuwar cutar: yankin da ke mataki na ɗaya ya shigar da mutum 4,000, na biyu 2,000, na uku babu kowa, abin da ya sa wasu ƙungiyoyi suka yi wasa gaban magoya bayansu wasu kuma a fili fayau, kafin sabon kulle ya sake rufe ko'ina. Daga 17 ga Mayu, 2021, aka yarda da mutum 10,000 ko rubu'in abin da fili ke ɗauka, duk wanda ya fi ƙanƙanta, sai kakar 2021 zuwa 2022 ta fara da filaye a cike. A Disambar 2021, da sabon nau'in cutar na Omicron ya bazu, aka wajabta nuna shaidar rigakafi ko ta gwaji a duk taron da ya wuce mutum 10,000. A daidai lokacin ne dokar ɗage wasa ta jawo ce-ce-ku-ce, domin ta ce ƙungiyar da ba ta da 'yan wasa 13 da mai tsaron raga ɗaya tana iya neman a ɗage, kuma ana lissafawa har da masu rauni da waɗanda suka tafi gasar cin kofin Afirka a Kamaru. Da haka aka ɗage wasan Tottenham da Arsenal a Janairun 2022 bisa buƙatar Arsenal, Tottenham ta fusata, daga bisani aka gyara dokar ta zama sai ƙungiya ta nuna mutum huɗu da suka kamu da korona.

Ta fuskar albashi, gwamnati ta ƙirƙiro shirin biyan kashi 80 cikin ɗari na albashin ma'aikacin da aka ce ya zauna a gida, iyaka fam 2,500 a wata. Babu abin da doka ta ce game da hana ƙungiyoyin ƙwallo shiga shirin, don haka Newcastle da Tottenham da Norwich da Bournemouth da Liverpool suka saka ma'aikatansu da ba 'yan wasa ba. Abin da doka ta halatta kunya ta hana, domin jama'a sun ga bai dace kuɗin haraji ya biya mai sayar da tikiti ba alhali ɗan wasa na karɓar dubban fam a mako, sai Liverpool da Tottenham da Bournemouth suka janye cikin watan Afrilu. Gasar ta nemi 'yan wasa su rage kashi 30 cikin ɗari, ƙungiyar ƙwadagonsu ta ƙi, tana cewa hakan zai rage harajin da ke tafiya asibitoci, kuma tunda ba a rage albashin mai kwantiragi sai da yardarsa, kowace ƙungiya ta koma ta sasanta da nata 'yan wasan. Mafi yawan 'yan wasan Arsenal sun yarda da ragin kashi 12.5, duk da haka ƙungiyar ta sanar da sallamar ma'aikata 55 a watan Agusta. Tottenham ta ci bashin fam miliyan 175 daga shirin Babban Bankin Ingila, Arsenal kuma ta ci miliyan 120.

Ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda tikiti ne abincinsu, ba su da dalilin buga wasa a fili fayau, domin kowane wasa asara ne. Ƙungiyoyin rukuni na uku da na huɗu na gasannin Ingila, inda Firimiya ce rukuni na ɗaya, suka kaɗa ƙuri'a a watan Yunin 2020 suka rufe kakarsu da lissafin matsakaicin maki, Wigan ta rukuni na biyu ta shiga hannun masu kula da kamfanonin da bashi ya ci a ranar 1 ga Yuli aka zaftare mata maki 12, kotu kuma ta rushe Macclesfield a Satumba saboda bashi. Gwamnati ta dage cewa ƙwallo ta ceci kanta, ta ware fam miliyan 300 ga wasu wasanni ba tare da ta saka manyan rukunonin ƙwallon maza a ciki ba. Sai a Disambar 2020 Firimiya ta amince da fam miliyan 50 ga rukuni na uku da na huɗu, tare da taimaka wa rukuni na biyu samun rancen miliyan 200.

Dokar da tasirinta ya fi daɗewa ita ce ta kayyade asara. A lokacin, kundin Firimiya bai yarda ƙungiya ta yi asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku ba. Saboda annoba aka haɗe kakar 2019 zuwa 2020 da wadda ta biyo ta aka ɗauki matsakaicinsu a matsayin shekara guda, aka kuma ba da damar cire asarar da korona ta jawo daga lissafi. Wahalar ita ce tantance wace asara ce ta korona, domin kuɗin tikitin da bai shigo ba a fili yake, amma ɗan wasan da ƙungiya ke cewa da ta sayar da shi da tsada ba don annoba ba, wannan hasashe ne. Irin wannan gardama na cikin shari'ar Everton, wadda kwamiti mai zaman kansa ya samu da asarar fam miliyan 124.5, wato ta haura iyaka da miliyan 19.5, ya zaftare mata maki 10 a Nuwambar 2023, kafin ɗaukaka ƙara ya rage su zuwa 6 a Fabrairun 2024.