Mayar da keken hawan dutse zuwa faranti ɗaya

Faranti ɗaya, wanda kamfanoni ke rubutawa 1x, tsarin giyar keke ne da ake barin farantin haƙora guda tak a wurin feda, duk sauyin giya ya koma ga jerin haƙoran tayar baya. Tsofaffin kekunan hawan dutse, irin na gwanjon da ake gani a Jos da Abuja, yawanci faranti uku gare su: ƙarami mai haƙora 22, na tsakiya 32, babba 42 ko 44. Wanda hawansa duk a kan kwalta yake sai ya shekara bai taɓa ƙaramin ba, shi ya sa wasu ke cire biyu su bar ɗaya.

Asali

Kamfanin SRAM na Amurka ne ya yaɗa tsarin a 2012, da ya fito da XX1 mai giya 11 a baya, daga haƙora 10 zuwa 42. A 2016 ya ƙara da Eagle mai giya 12, wadda babbanta ya kai haƙora 50. Abin da ya sa tsarin ya zauna shi ne siffar haƙoran farantin: ɗaya siriri, na kusa da shi mai kauri, daidai da yadda ramukan sarƙa suke, ƙunci da faɗi bi da bi. Sarƙar sai ta kama ƙam. Saboda wannan jerantawar ne ba a samun irin farantin sai da adadi mai rabuwa biyu, kamar 32, 34 ko 38.

Yadda ake aikin

Mai gyara zai fara duba ko farantan da noti aka ɗaure su. A kekuna masu araha a manne suke, ba sa kwancewa, sai dai a sake hannun fedar gaba ɗaya. Idan masu noti huɗu ne, awon da'irar ramukan galibi milimita 104 ne, kuma da wannan lambar ake neman sabon faranti. Ana ɗora shi a gurbin na tsakiya don sarƙa ta fuskanci tsakiyar haƙoran baya. Tsofaffin notocin sukan yi tsawo tunda faranti biyu suka saba riƙewa, don haka a nemi gajeru ko a cika da wosha, wato zoben ƙarfe da ake sa wa noti. Daga nan a cire majuyin sarƙa na gaba, wato abin da ke tura sarƙa daga faranti zuwa faranti, da wayarsa da maɓallinsa, a daidaita tsawon sarƙa. Nauyin da ake ragewa ba kasafai yake kai rabin kilo ba.

Wasu kan bar tsohon farantin tsakiya don gudun kashe kuɗi. Wannan arha ce da ba ta ado: an ƙera haƙoransa ne don su saki sarƙa da sauƙi, kuma da an faɗa rami sai a tsaya ana mayar da ita da hannu cikin baƙin mai.

Yawan haƙora

Nan ne maganar take. Taya mai inci 26 tana cin kusan mita 2.07 a kowane zagaye. Da faranti mai 32 da ƙaramin haƙorin baya mai 11, wanda ke juya feda sau 90 a minti zai yi wajen kilomita 32 a awa, daga nan ƙafa ce kawai ke wulwulawa. Mai 38 yana kai shi kusan 39, mai 42 kuwa kusan 43. Idan keken mai giya bakwai ne wanda ƙaramin haƙorinsa 14 ne, faranti mai 32 da ƙyar zai wuce kilomita 25, abin da bai isa komai ba a faffaɗan titin Abuja.

Sai dai abin da aka samu a gudu, a hawa ake biyansa. Jos tana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, kuma wanda ya gangara Hawan Kibo dole ya hawo shi. Da faranti uku, 22 a gaba da 34 a baya suna ba da giya mai laushin da ko mai kaya zai lallaɓa. Da 38 kaɗai, ko an saka mai 42 a baya, ba a kai wannan laushin ba. Ga yawancin masu hawa tsakanin Bukuru da cikin gari, 36 ko 38 tare da jeri na 11 zuwa 42 shi ne madaidaici. Mai 42 a gaba na masu ƙarfin cinya ne, kuma sau da yawa ma ba ya shiga, don yakan gogi ƙarfen firam da ke bayan feda. Tsohon majuyin baya shi ma yana da iyaka, da yawansu ba sa hawa abin da ya wuce haƙora 34 ko 36.

Akwai kuma tazarar da ke tsakanin giya da giya, wadda ke faɗaɗa idan jerin ya yi faɗi. A daji ba a damu ba, amma a doguwar kwalta mutum kan rasa giyar da ta yi masa daidai, wannan ta yi nauyi, ta kusa da ita ta yi sako-sako.

Tsarin ba ya ƙara wa keke gudu. Mai neman gudu a titi ya fara da sauya tayoyi masu ƙuraje da masu santsi. Ribar faranti ɗaya ita ce raguwar abin lalacewa da sauƙin wanki, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke haɗuwa da man sarƙa ta riƙa cin haƙora. Tunda faranti guda ke ɗaukar dukan aikin, idan sarƙa ta miƙe da kashi 0.5 zuwa 0.75 cikin ɗari sai a sake ta kafin ta cinye shi.