Waiwaye: Daren 1881 da ya sa gyaran gidajen opera ya yi tsada

A Jamus har yanzu ba a gama cacar baki a kan kuɗin gyaran tsofaffin gidajen opera ba, wato manyan gidajen nan da ake wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa da kiɗa. Na birnin Kolon an rufe shi a 2012 da shirin a sake buɗewa a 2015, a kan Yuro miliyan 253. Aiki ya haura shekara goma, kuɗin ginin ya doshi miliyan 800. Na Situtgat kuwa, ginin 1912, ƙiyasin gyaransa da aka fitar a 2019 ya kai wajen Yuro biliyan ɗaya. Wasu na cewa gara a rushe a gina sabo, wasu na cewa ba a sayen tarihi a kasuwa. Mai karanta labarin yakan ɗauka ruwan zinare da kujerun karammiski ke cinye kuɗin, alhali abin da ya fi jan aikin Kolon shi ne bututun iska da na zuƙe hayaƙi, da famfunan kashe gobara, da wayoyin lantarki, waɗanda dole a cusa su cikin ginin da ba a tanadar musu wuri ba. Waɗannan kaya suna da asali, kuma idan aka bi sawunsu za a tsaya ne a wani dare na watan Disamba, 1881.

Kafin wannan dare, gidan wasa da gobara sun daɗe da sanin juna. Globe na Landan ya ƙone a 1613. La Scala na Milan, wanda aka buɗe a 1778, an gina shi ne saboda wanda ya gabace shi ya ƙone a 1776. San Carlo na Nafoli ya ƙone a 1816, La Fenice na Benis a 1836, su ma a Italiya, Covent Garden na Landan sau biyu, a 1808 da 1856. Drury Lane na Landan har labulen ƙarfe da tankunan ruwa aka sa masa a 1794, amma a 1809 ya zama toka. Da yawa daga cikin waɗannan gobara sun tashi ne bayan an watse, asarar ta zama ta dukiya, cikin shekara ɗaya ko biyu a sake tayar da gini a kan tsohon fasali. Daga wajen 1817 aka fara maye kyandir da fitilar mai da iskar gas. Haske ya ƙaru, zafi ya ƙaru, harshen wuta ya shiga ko'ina.

Sai an fahimci fasalin ginin sannan a gane abin da ya biyo baya. Gidan opera ɗakuna biyu ne manya da suka haɗu ta wata makekiyar kafa, wadda 'yan kallo ke kallon wasa ta cikinta. Ɗaya zauren 'yan kallo ne, mai hawa huɗu ko biyar ko shida a zagaye. Ɗayan dandamali ne, kuma samansa akwai hasumiya da tsayinta yakan ninka na kafar kallo sau biyu da rabi, domin a iya janye labule da ƙyallayen zane su ɓace gaba ɗaya. A cikin wannan hasumiya ake rataye gomman ƙyallaye masu fenti, kusa da kusa, da igiyoyin rama, da sandunan katako da suka bushe ƙayau saboda zafi. A tsakaninsu kuma ake rataye jerin fitilun gas. A zaure, saman babbar fitilar tsakiya, akwai kafar da aka bari don zafi ya fita. Idan wuta ta tashi a dandamali, hayaƙi ya cika hasumiya bai sami mafita ba, wannan kafar ta zaure ce ke janyo shi, ya bi ta kan kawunan mutanen hawa na sama, inda kujeru suka fi araha kuma matakala ta fi ƙunci.

Ranar 8 ga Disamba, 1881, ana gab da fara wasa da ƙarfe bakwai na yamma a Ringtheater na Biyana, babban birnin Ostiriya, gidan da ke ɗaukar mutum kimanin 1,700. Na'urar da ke kunna fitilun gas na saman dandamali ta ƙi kamawa a karon farko, gas ya ci gaba da fita, da aka sake gwadawa sai ya kama da ƙarfi ya lashi ƙyallayen da ke rataye. Labulen kariya da gidan ke da shi na ragar waya ne, ana sauke shi da hannu ta hanyar murza wani mariƙi a gefen dandamali, kuma kafin a kai gare shi wuta ta riga ta isa wurin. Ko da an sauke shi, raga ba ta tare hayaƙi. Iska ta sami mashiga ta bayan dandamali, ta hura wutar kamar zugazugin maƙera, ta bankaɗa babban labulen gaba cikin zaure. Aka rufe gas na gidan don tsoron fashewa, sai duk fitilun zaure da na matakalu suka mutu lokaci guda, domin duk a layi ɗaya suke. Fitilun mai da aka tanada don irin wannan hali ba sa ci. Ƙofofi kuma ciki suke buɗewa, wanda ya fara isa bakin ƙofa na bayansa sun danne shi a jikinta, babu halin ja. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 384 ne suka mutu, wasu ƙiyasin sun haura haka nesa ba kusa ba, kuma mafi yawa daga hawa na sama ne. Gawarwaki da yawa da haƙora aka gane su.

Abin da ya bambanta wannan gobara da na baya shi ne yadda aka warware ta gaɓa-gaɓa, aka ga cewa kowace gaɓa tana da magani na injiniya. A watan Maris na wannan shekarar gidan opera na Nis a Faransa ya ƙone ta sanadin gas, a 1876 kuma kusan mutum 300 sun mutu a gidan wasa na Burukilin a Amurka, amma bayan Biyana ne dokoki suka fara ɗaukar siffar da muka sani yau. Washegarin gobarar Biyana aka kafa ƙungiyar agajin gaggawa ta sa-kai a birnin. A 1882 aka fito da sababbin ƙa'idojin gidajen wasa. Injiniyoyin Ostiriya suka riƙa gina ƙananan samfurin gidan wasa suna cinna musu wuta da gangan, har zuwa wani babban gwaji a 1905. Sakamakon ya fito sarai: idan saman dandamali a rufe yake, zafi yana kumbura iska ta tura labule, zaure ya cika da hayaƙi cikin daƙiƙoƙi, idan an buɗe kafa a can sama, hayaƙi ya miƙe ya fice, iskar zaure ta koma tana shiga dandamali maimakon ta fito.

Daga nan aka sami tsarin da har gobe a kansa ake. Na farko bango mai kauri da ya raba dandamali da zaure tun daga tushe har ya huda rufi. Sai labulen ƙarfe na gaske, faranti a jikin firam, mai tafiya a cikin kwarin ƙarfe dama da hagu, wanda nauyinsa ke sauke shi ko babu lantarki. A Jamus da Birtaniya ƙa'ida ita ce ya rufe cikin daƙiƙa 30, kuma a Birtaniya aka mai da shi al'ada a sauke shi a gaban 'yan kallo a kowane wasa, don a tabbatar bai cije ba. Samansa akwai bututu mai feso masa ruwa kada zafi ya lanƙwasa shi. A rufin hasumiya akwai tagogin hayaƙi, faɗinsu daga kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na faɗin dandamali gwargwadon dokar ƙasa, ana riƙe su da igiya mai wani ɗan mahaɗin ƙarfe da ke narkewa a wajen digiri 70, ko a yanke igiyar da wuƙa su buɗe da kansu. Sai fitilun gaggawa masu layinsu daban, ƙofofin da ke buɗewa waje, kowane hawa da matakalarsa da ba ta haɗuwa da ta wani, da jiƙa ƙyallayen zane da maganin da ke rage saurin kamawa. Ɗaya ba ya aiki sai da ɗan'uwansa. Labule ba taga yakan kumbura ya fita daga kwarinsa, taga ba labule kuma tana ƙara wa wuta iska ne daga zaure.

Lantarki ma a lokacin ya shigo. Kwana 20 bayan gobarar Biyana, gidan Savoy na Landan ya haska dandamalinsa da ƙwan lantarki, cikin kusan ƙwai 1,200 da aka sa a ginin. A 1882 sabon gidan wasa na birnin Brno, a ƙasar Cek ta yau, ya buɗe da lantarki, a 1884 gidan opera na Budafes a ƙasar Hangari ya buɗe da dandamali na ƙarfe mai motsi da ƙarfin ruwa a madadin katako.

Darasin bai isa ko'ina da wuri ba. A 1887 mutum 84 sun mutu a Opéra-Comique na Faris, 186 a Eksita ta Ingila. Ranar 30 ga Disamba, 1903, a gidan Iroquois na Shikago, kusan abin Biyana ne ya maimaitu duk da lantarki: labulen kariya ya maƙale a hanya, tagogin saman dandamali ba su buɗe ba, ƙofar baya ta shigo da iska, wuta ta bi ta ƙarƙashin labule ta haura sama. Mutum kusan 600 suka mutu. Bayan wannan ne aka yawaita amfani da sandar nan da ke kwance a jikin ƙofar fita, wadda da jiki ya danna ta sai ƙofa ta buɗe. Mu ma ba baƙin wannan labari ba ne. A 1951 gobarar silimar El Duniya a Kano, wadda ta tashi daga fim irin na da mai saurin kamawa, ta ci sama da mutum 300.

Akwai abin da ya kamata masu muhawarar yau su riƙe. Tsarin 1881 an yi shi ne don ya ba 'yan kallo mintunan da za su fice, kuma a wannan ya yi nasara ƙwarai. Ba a yi shi don ceton ginin ba. Hasali ma an yarda dandamali ya ƙone, muddin mutane sun tsira. Sannan duk tsarin ya dogara da gida mai rai: ma'aikata suna nan, labule yana aiki, famfo da ruwa. Shi ya sa manyan gobarar baya-bayan nan suka faru a gidajen da babu 'yan kallo. Tsohon gidan opera na Alƙahira, wanda aka gina a gurguje a 1869 yawancinsa da katako, ya ƙone ƙurmus da safiyar 28 ga Oktoba, 1971, yau ginin ajiye motoci ne a wurin. Liceu na Basalona ya ƙone ranar 31 ga Janairu, 1994, lokacin da tartsatsin walda ya kama ƙyalle ana cikin gyaran labulen ƙarfen kansa. La Fenice ya sake ƙonewa ranar 29 ga Janairu, 1996, yana rufe don gyara. Kotu ta tabbatar cinna wutar aka yi, kuma a lokacin an janye ruwan magudanan da ke kusa don yashe su, a Benis, birnin da magudanan ruwa ne titunansa, 'yan kwana-kwana kuma da jirgin ruwa suke zuwa. Sai a Disamba 2003 aka sake buɗe shi, bayan an kashe wajen Yuro miliyan 90.

Dokokin yau sun ɗora a kan na 1881, suna neman a kare zaure da matakalu da ɗakunan ƙasa ma daga hayaƙi. Nan tsadar take. Fankar zuƙe hayaƙi tana bukatar bututu mai faɗin da mutum zai iya rarrafe a ciki, mai jure wuta, kuma hanyarsa ita ce sararin da ke tsakanin silin na filasta da rufi, inda bututun sanyaya ɗaki da famfo da wayoyi su ma ke neman wuri. Duk inda bututu ya huda bangon raba wuta sai an sa masa murfi mai rufe kansa, a toshe gefensa, a bar hanyar da mai duba zai kai hannu. Tankin ruwa da janareto suna son ɗaki a ƙasa. Kuma ba a yarda a taɓa siffar zaure ba, don doka ta kare ta, don kuma amon kiɗa yana canzawa idan aka sauya katako ko filasta. Tsofaffin taswirori sau da yawa ba sa dacewa da abin da ke cikin bango, sai an fasa ake ganin gaskiya, daga nan a sake zane, a sake lissafi.

Wanda ya ce a rushe a gina sabo yana da hujja ta fuskar kuɗi a wasu wurare, domin sabon gini da wurin waɗannan kaya ake zana shi. Wanda ya ce a bar gidan yadda yake a shafa fenti kawai, shi ne ba shi da hujja. Inda kuma aka zaɓi gyara, shekarun aikin su ne mafi haɗari a rayuwar ginin, kuma abin da ke kare shi a lokacin ba ya cikin masu tsada: kada a kashe na'urar jin hayaƙi sai an kafa ta wucin gadi, a bar famfo da ruwa a ɓangaren da ba a taɓa ba, kada a yi walda ko yankan ƙarfe sai da rubutaccen izini na wannan rana, a kwashe ko a lulluɓe duk abin da zai kama har tazarar mita 10, a tsayar da mutum da tukunyar kashe wuta yana kallo har aƙalla awa ɗaya bayan an gama, kuma mai gadi ya zagaya har cikin silin da dare, domin a can wutar da ta kwanta cikin tsohon katako ke farkawa.