Nicodemus (Kansas)

Nicodemus wani ƙaramin gari ne a gundumar Graham da ke arewa maso yammacin jihar Kansas ta Amurka, kusa da reshen kudu na kogin Solomon. Baƙaƙen fata waɗanda suka fito daga ƙangin bauta ne suka kafa shi a 1877, kuma shi kaɗai ya rage a yammacin kogin Mississippi cikin garuruwan da baƙar fata suka assasa a shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasar ƙasar.

An haramta bauta a Amurka a 1865, amma 'yantattun bayi da yawa sun ci gaba da noma gonakin tsofaffin iyayen gijinsu bisa tsarin raba amfanin gona, wanda ya bar su cikin bashin da ba ya biyuwa. A gefe guda kuma akwai dokar rabon filaye ta 1862, wadda ta ba mutum damar mallakar eka 160 idan ya zauna a filin ya noma shi har shekara biyar. Da wannan dama ne wani Bature mai harkar filaye, W. R. Hill, ya haɗa gwiwa da wani fasto baƙar fata, W. H. Smith, da wasu mutane kaɗan, suka kafa kamfanin gina garin a watan Afrilun 1877. Hill ya bi coci-coci a yankunan Lexington da Georgetown na jihar Kentucky yana kwarzanta wurin a matsayin ƙasa mai albarka, kuma a watan Satumba ayarin mutum kusan 300 ya taso.

Abin da suka tarar ya sha bamban da abin da aka faɗa musu. Jirgin ƙasa ya sauke su a Ellis, daga nan suka yi tafiyar mil 35 ko kusa da haka, wasu a keken doki wasu a ƙasa, suka isa wani fetal fili da babu itatuwan gini, ga lokacin shuka ya wuce, ga hunturu ya kawo jiki. Sai suka haƙa ramuka a jikin tudu, suka rufe samansu da reshe da ciyawa da ƙasa, har baƙo ba ya gane akwai gida a wurin sai ya ga hayaƙi na fitowa daga ƙasa. Busasshen kashin dabbobi da karan ciyayi suka zama makamashinsu. Wasu iyalai ba su iya jurewa ba, suka juya. Waɗanda suka tsaya kuwa sun dogara ne da taimakon da aka tattaro daga gabashin jihar, kuma tarihin baka na garin ya ambaci naman farauta da 'yan ƙabilar Osage, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin mazauna Amurka, suka raba musu.

Bayan 'yan shekaru garin ya tsaya da ƙafafunsa. Gine-ginen farar ƙasa, wadda ake sara a yankin, suka maye gurbin ramuka, aka samu gidan waya, makaranta, coci-coci, kantuna, banki da masaukin baƙi na St. Francis wanda Zachariah Fletcher ya gina. Jaridu biyu suka fito, Western Cyclone a 1886 da Nicodemus Enterprise a 1887. Mazauna garin sun yi tasiri a siyasa fiye da yadda yawansu zai nuna, domin Edward P. McCabe, wanda ya zauna a nan, an zaɓe shi mai binciken kuɗi na jihar Kansas a 1882, muƙamin da ba a saba ganin baƙar fata a kai ba a wancan zamani.

Layin dogo ne ya karya garin. A filayen yammacin Amurka, garin da jirgin ƙasa bai bi ta cikinsa ba ba shi da hanyar fitar da alkama da masara zuwa kasuwa cikin riba, don haka mutanen Nicodemus suka yi ta zawarcin kamfanonin jiragen. Layin Missouri Pacific ya tsaya a Stockton, shi kuma Union Pacific ya bi ta kudancin kogi a 1888, mil shida daga garin, inda sabon garin Bogue ya tsiro. 'Yan kasuwa suka kwashe kayansu, wasu har da gine-ginensu, suka koma can. Manoma sun zauna, amma fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 da karayar tattalin arziki suka kori da yawa daga cikinsu. An rufe gidan waya a 1953.

A 1976 gwamnatin tarayya ta sanya Nicodemus cikin wuraren tarihi na ƙasa, sannan a 1996 majalisar dokoki ta ɗora shi ƙarƙashin hukumar kula da gandayen ƙasa. Gine-gine biyar ake adanawa: cocin Baftis, cocin A.M.E. (ɗariƙar Methodist ta baƙaƙen fata), makarantar garin, masaukin St. Francis, da zauren taro da aka kammala a 1939, wanda yanzu a nan ake karɓar masu ziyara. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 14 kacal a garin. Duk da haka, a ƙarshen watan Yulin kowace shekara jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka kafa shi sukan zo daga jihohi daban-daban don bikin tunawa da 'yantar da bayi, inda ake jerin gwano, addu'o'i da ziyarar kaburburan kakanni.