Ma'anar kansa biyu a tare a cikin hanji da tumbi

Da zarar likita ya ce an ga ƙari biyu a cikin majinyaci, dangi sukan yanke cewa cutar ta yaɗu, saura addu'a. Ba kullum haka abin yake ba. A takardun asibitocinmu na Maradi, da ake rubutawa da Faransanci, akan ci karo da kalmar synchrone. Ana nufin kansa iri biyu, kowace da asalinta, da aka gano a jikin mutum ɗaya lokaci guda, ko tsakaninsu bai wuce wata 6 ba. Tun 1932 likitoci biyu a Amurka, Warren da Gates, suka ajiye sharuɗɗan: kowane ƙari ya tabbata kansa ne, ya sha bamban da ɗan'uwansa, kuma ya zama ba wancan ne ya haife shi ba.

Wata haɗuwa da ke ɗaure wa likitoci kai ita ce ta wasu cututtuka biyu da ba a cika gani ba. Ta farko GIST, ƙari ne da ke tsirowa daga ƙwayoyin da ke sa tumbi da hanji motsi. Fiye da rabinsa a tumbi yake fitowa. Mai shi yakan daɗe yana shan maganin olsa, jininsa na raguwa, bayan gidansa baƙi ƙirin saboda jinin da ke tsiyaya a ciki. Ta biyu ƙari ne na ƙwayoyin da ke fitar da sinadaran jiki a bangon hanji, wanda ake taƙaitawa TNE. Yawanci a hankali yake girma, wani lokaci da gudawar da ba ta jin magani, in kuwa ya toshe hanyar matsarmama sai shawara ta bayyana a ido.

Akwai waɗanda haɗuwar nan ta fi samu: masu cutar gado da ke sa ƙulle-ƙulle masu laushi ko'ina a fata, da tabo-tabo ruwan ƙasa tun yarinta. Kowa ya taɓa ganin irinsu a kasuwa. In mai irin wannan fata ya fara kukan ciki, bai kamata a sallame shi da maganin olsa kawai ba.

Fibroskopi (siririyar tiyo mai kyamara da ake zurawa ta baki a leƙa ciki) da sikana (na'urar ɗaukar hoton cikin jiki) suna nuna ƙari, amma ba sa faɗin sunansa. Sai an yanko tsoka, an sa a kwalba da ruwan formol da ke hana ta ruɓewa, an kai ɗakin bincike. A can ake shafa mata sinadarai: GIST na amsa CD117 da DOG1, TNE kuwa kromogranin da sinaptofizin, sannan a auna saurin girmansa da Ki-67. A ganina nan ne aka fi tafka asara. An yi aiki, kuɗi sun ƙare, sai a ga gwajin tsoka kamar ƙarin wahala ne, ko a gwada ƙari ɗaya a ɗauka na biyun ɗansa ne. Kowanne da kwalbarsa ya kamata ya tafi, ko da sai an kai Yamai.

Dalili kuwa, magungunan ba sa haɗa hanya. Gonar hatsin da ƙuduji da tsutsa suka kama tare, feshin tsutsa ba zai kashe ƙudujin ba. GIST ba ya jin maganin cutar kansa da aka saba bayarwa ta ƙarin ruwa. Maganinsa tiyata, da ƙwayar imatinib da aka amince da ita don GIST a 2002, bayan masu bincike a Japan sun gano lalacewar ƙwayar gado ta KIT a 1998. Idan akwai haɗarin dawowarsa sosai, akan sha ta shekara 3 bayan aiki. Sai dai GIST na masu ƙulle-ƙullen fata galibi ba ya jin ta, shi ya sa tiyata ce madogara a wurinsu. TNE shi ma cire shi ake yi in ya yiwu, in ya wuce nan a koma allurar oktireyotid ta wata-wata. Likitoci kan fara da wanda ya fi haɗari, in kuma wuraren suna kusa a cire duka biyun a aiki ɗaya.