Kujerun Turkiyya da tabarmar kaba: tambayoyi kan adon ɗaki da zaɓen kala a Maraɗi

Yanzu duk mai shirin jere ko gyaran falo, waya yake fara buɗewa kafin ya leƙa kasuwa. Hotunan kuwa na Istanbul ne, na Dubai, na Maroko, an ɗauke su a wani haske da wani yanayi daban da namu. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu wannan hidima.

Ɗaki fari fat ya fi burge ni. Zai yi a Maraɗi?

Zai yi, har ranar da hunturu ya buso. Salon farin ɗaki ya yi ƙarfi ne a arewacin Turai, irin su Suwidin da Danmak, inda rana ke ƙaranci lokacin sanyi, sai su shafa fari don ɗan hasken da suka samu ya watsu. Mu haske ya yi mana yawa, ga ƙura tun daga Nuwamba har wajen Maris. Abin da ke jure mana shi ne kalar da ta kusanci ƙurar kanta: ruwan madara, ruwan rairayi, ruwan ƙasa mai haske. Kada kuma a gudu daga fari a faɗa baƙi. Baƙin tebur mai sheƙi ya fi komai tona asirin mai gida, a goge shi da safe, kafin azahar yaro ya rubuta sunansa a kai da yatsa.

Farin a bar wa rufin ɗaki. In akwai yara, tsohuwar dabarar nan tana nan da amfaninta: ƙasan bango, kamar mita ɗaya, a shafa fentin mai da ake wankewa, sama kuma fentin ruwa.

Kala nawa ya kamata ɗaki ya ɗauka?

Uku sun isa. Masu sana'ar suna da ƙa'idar da suke kira 60-30-10: kashi 60 babbar kala, wato bango da daɓe, kashi 30 ta biyu, kujeru da labule, kashi 10 mai ƙarfi, a filo da ƙananan kaya. Misali bango ruwan madara, kujeru ruwan ƙasa, filo shuɗin baba. Ba wanda zai zo da awo, amma in ja da kore da ruwan gwal duk suna neman kashi 60, ido ba ya samun wurin hutawa.

Da me ake farawa, fenti ko kaya?

Da abin da ya fi wuyar canzawa. Karon ƙasa (wato tayil na daɓe), kujeru, babbar darduma, su ne za su shekara goma suna kallon ku. Fenti shi ne ƙarshe, tunda ana iya haɗa shi ya bi kaya, kaya kuwa ba sa bin fenti. A ɗauki ƙyallen kujerar ko filo guda a je da shi wajen mai fenti, a sayo ƙaramin gwangwani, a shafa faɗin tabarma a bango a bari ya bushe, don ɗanyen fenti da busasshe ba kala ɗaya ba ne. Sai a duba shi da hantsi, a duba da la'asar, a kuma duba da dare.

Na daren nan shi ake mantawa. Ƙwan lantarki mai farin haske, wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa, yana dusashe ruwan madara ya koma kamar toka. Mai 2700K zuwa 3000K haskensa ruwan zuma ne, yana fito da ja da ruwan ƙasa.

In aka haɗa kayan waje da namu na gargajiya, ba zai zama kwamacala ba?

Yana zama, in kowa ya ce shi ne sarki. Salo ɗaya ne zai ja gaba, sauran su raka shi, kuma kala ce igiyar da ke ɗaure su. Kujerun Turkiyya masu sassaƙa da ruwan gwal sun riga sun cika ɗaki da magana, don haka bango da labule su yi shiru. A ganina salon Maroko ya fi su dacewa da zamanmu: dogayen kujeru ne marasa tsayi da ke bin bango, tsakiya a buɗe, ranar suna ko gaisuwar salla mutum ashirin su zauna, a shimfiɗa ledar abinci ba a ture komai ba.

Kayanmu kuma ba baƙi ba ne a cikin wannan salo. Fatar jar akuya, wadda Maraɗi da Sakkwato suka shahara da ita, ta daɗe tana ƙetare Sahara da ayari, har Turawa suka riƙa kiran irinta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Wanda ya ajiye tumtumin dukawan garin nan kusa da kujerar Maroko, ƴan uwa ya haɗa. Haka zanen rini na baba, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano: shuɗinsa mai duhu yana zama daram a kan ruwan ƙasa da ja, ko an yi rigar filo da shi ko an shimfiɗa a bayan kujera.

Faifai ma fa. Masu ado a Turai da Amurka na rataye kwanduna da faya-fayan saƙa a bango suna saye da tsada, alhali kakanninmu da su suke jere. Biyar ko bakwai, manya da ƙanana, a taru wuri guda sama da doguwar kujera, sun fi a warwatsa su bango huɗu. Dagi kuwa, da alamar Agadas ta Abzinawa, sau ɗaya ya isa. In dagi ya hau labule, ya hau filo, ya hau rufi, falon ya koma ofishi.

Amarya na son ɗaki sakayau, iyaye na son a cika shi. Wa za a bi?

Kowa na da gaskiyarsa. Jere mutuncin dangi ne, ba a ce wa gwaggo ta mayar da gudummawarta. Abin da ke kawo sauƙi shi ne a tsai da kala tun kafin a fara saye. Amarya ta samu mahaifiyarta cikin ladabi: "Inna, don Allah duk mai niyyar labule ko zanen gado, a ce masa ruwan madara da ruwan goro." Kwanuka da kuloli su tafi kabet ɗaya mai gilashi, a uwar ɗaka ko gefen cin abinci, ƙura ba ta kai gare su, ƴan ganin ɗaki kuma sun gani.

Gidan haya nake, kuɗin kuma kaɗan ne.

Bar bango yadda yake, ka canza labule, rigunan filo da shimfiɗa. Labulen ya zama biyu, marar nauyi a ciki, mai kauri a tagar da ke kallon yamma. A guji karan-miski da kafet mai gashi daga bango zuwa bango: suna shan ƙura, kuma a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba mai son zama a kansu. Tabarmar kaba ko ƙaramar darduma da za a naɗe a kakkaɓe a tsakar gida ta fi.