Tambayoyi da amsoshi: ta yaya ake gane ƙwayar cutar dabba ta daina jin magani?

Masu kiwo a nan Daura suna yawan ƙorafin wai allurar LA ɗin, wato antibayotik ɗin nan mai daɗewa a jikin dabba, yanzu ba ta ci kamar da. Ga tambayoyin da suka fi yawa.

Na yi wa akuyata allura ba ta warke ba, kenan ƙwayar ta bijire?

Ba lallai ba gaskiya. Ƙila maganin jabu ne, ko ya sha rana a kan tebur a kasuwa har ya mutu, ko ba a auna shi da nauyin dabbar ba, ko ma ciwon na bairas ne irin PPR, annobar awaki da tumaki, wanda antibayotik ba ruwansa da shi sam. Ido ba ya raba wannan, sai ɗakin gwaji.

To a ɗakin gwajin me suke yi?

Kashin dabba ake ɗiba, ko madara, ko abin cikin hanji a kwata, a shuka ƙwayar a wani ɗan faranti mai abinci kamar jeli, yawanci E. coli ko Salmonella ake nema. In ta tsiro sai a shafe ta a sabon faranti, a jera wasu ƙananan takardu masu zagaye a kai, kowacce da maganinta, wannan tetracycline, waccan ampicillin, a sa a na'ura mai ɗumin wajen 35 a ma'aunin Celsius na awa 16 zuwa 18. Washegari in magani na aiki za ka ga fili fes kewaye da takardar, in kuwa ƙwayar ta tsiro har gindinta toh shikenan, maganin nan ba ya cin ta. Da rula ake auna filin, milimita milimita. Sunan hanyar Kirby-Bauer, tun 1966 ake bin ta kuma ita ce mai araha. Akwai wata da ake kira MIC, a yi ta sirka maganin har a gano mafi ƙanƙantar abin da zai tsayar da ƙwayar.

Me ya sa suke ɗibar na lafiyayyun dabbobi?

Nan ne mutane ba sa ganewa. Dabba mara lafiya an riga an ɗura mata magunguna, sakamakonta ba zai nuna halin da garke yake ciki ba. Shi kuwa sa lafiyayye da aka saya a karar Mai'adua, E. coli ɗin cikinsa na ɗauke da tarihin maganin da aka yi ta ba shi, kuma ita ce za ta iya bin nama, ko takin da aka zuba a lambu, ta iso cikinmu. Sannan gwaji ɗaya ba komai ba ne, sai an maimaita duk shekara da hanya iri ɗaya kafin a ce abin ƙaruwa yake ko raguwa. Denmark tun 1995 suke wannan aikin.

Gwajin PCR fa?

Wannan wani gwaji ne daban, ƙwayar halittar gado da ke sa ƙwayar cuta ta bijire wa magani yake nema kai tsaye. Misali mcr-1 da aka ba da labarinta a Chana a 2015 a jikin aladu, mai karya colistin, maganin da ake ajiyewa sai an rasa mafita a asibiti, alhali ana zuba shi a ruwan kaji. Akwai tsada dai.

A Najeriya wa ke yi?

Cibiyar binciken dabbobi ta NVRI da ke Vom, da tsangayoyin likitancin dabbobi irin na ABU Zariya da Ɗanfodiyo Sakkwato. Gwamnati ta fitar da tsarin ƙasa kan matsalar a 2017, amma a ganina ƙaramin mai kiwo bai shaida ba tukuna.

Ni mai kaji ɗari biyu, me zan yi?

Kira likitan dabbobi ya ɗibi samfur kafin ka fara zuba magani, ba bayan ka gwada kala uku ba, a kai shi ɗakin gwaji cikin kula mai ƙanƙara a ranar. Ka kuma samu littafi kana rubuta sunan magani, ranar farawa da kwana nawa ka yi, don shi za a fara tambayarka.