Wai da gangan 'yan tsofaffin finafinai suke sauri?

An daɗe ana cewa 'yan wasan tsofaffin finafinan Faransa marasa magana, na wajajen 1910, da gangan suke tafiya firgit-firgit. Duk wanda ya kalla dole ya zata haka, amma ba daga su bane. Kyamarar lokacin da hannu ake juya ta, tana ɗaukar hoto kamar 16 zuwa 18 a sakan, da fim mai magana ya shigo aka tsayar da 24, to in aka haska tsohon da saurin sabon sai kowa ya dinga zabura, har mai makoki ya koma abin dariya. In ka samu irinsa a YouTube rage saurin zuwa 0.75, zaka ga tafiyar ta daidaita. Don Allah a tura ma wasu su karanta.